Kafin ka hau jirgin sama: shirin da zaka yi tun daga gida, da abinda zaka yi in hatsari ya auku

Mu mutanen Zariya jirgin sama ba baƙonmu bane, duk wanda ya taɓa zama Palladan ko Samaru ko Hanwa ya saba da ƙarar ƙananan jiragen nan na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi tun da safe, makarantar da aka kafa tun 1964, matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage da dama a ƙasar nan daga nan suka fito. Amma ka tare mutum zai tafi Kano ko Kaduna ko Abuja ya hau jirgi ka tambaye shi me zai yi in aka samu matsala, amsar kusan ɗaya ce, "ai in jirgi ya faɗi shikenan sai dai salati". Salati kam dole ne, babu mai ja. Sai dai maganar cewa shikenan ɗin nan ba haka take ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta taɓa bin diddigin haɗurra 568 na jiragen fasinja a ƙasar daga 1983 zuwa 2000, ta samu sama da kashi 95 cikin 100 na mutanen da ke cikin jiragen sun rayu. Dalili kuwa yawancin hatsarin jirgi ba irin wanda yake zuwa mana a rai bane, jirgi ya rikito daga ƙololuwar sama ya tarwatse. Akwai irin wannan, kamar na jirgin kamfanin Bellview a ƙauyen Lisa a jihar Ogun ranar 22 ga Oktoba 2005 da mutum 117 suka rasu baki ɗaya, wannan babu dabarar fasinja a ciki. Amma wanda yafi yawa shine jirgi ya zarce titinsa wajen sauka, ko taya ta fashe, ko inji ya kama wuta a ƙasa, jirgin ya tsaya mutane na raye a kujerunsu, daga nan sai ya zama tsere tsakaninka da hayaƙi. Wannan tseren shi nake so mu shirya masa.

Mataki na 1: kayanka, tun kana gida

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi, kuma sau da yawa daga cikin kaya take tashi. Ranar 19 ga Disamba 1994 wani jirgin ɗaukar kaya na Nigeria Airways ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda zai sauka Kano, wuta ta tashi a cikin kayan da ya ɗauko, ya faɗi a fadama kusa da Kirikasamma ta wajen Haɗeja, mutum uku cikin biyar da ke ciki suka rasu. A 2010 kuma jirgin kaya na kamfanin UPS ƙirar Boeing 747 ya faɗi a Dubai, batura irin na waya da kwamfuta da ya ɗauko da yawa ne suka kama wuta, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi har matuƙin baya iya ganin na'urorin da ke gabansa.

To yanzu ka duba jakarka. Halin wutar NEPA yasa kowa na yawo da fawa bank, wasu ma irin ƙatuwar nan mai kamar bulo. Ƙa'ida ita ce fawa bank da baturan da ba a cikin na'ura suke ba basa shiga jakar da ake aunawa a kai ƙasan jirgi, a hannunka zasu kasance, saboda in ta fara hayaƙi a gabanka ma'aikata zasu gani su kashe, in kuwa a ƙasa ne cikin tulin akwatuna babu mai gani sai ta ci ƙarfi. Sannan akwai iyaka, galibin kamfanoni suna barin wadda bata wuce 100Wh ba, wato kusan 27,000mAh, masu 50,000 ɗin nan a bar su a gida kawai. In ta kumbura ko tana zafi da kanta ko da ba a caji, kada ma ka ɗauko ta. A Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgi a Koriya ta Kudu tun bai tashi ba, daga ma'ajiyar kaya ta saman kujeru wutar ta fara kuma fawa bank masu bincike suka fi zargi, shi yasa ni shawarata ka aje ta a aljihun kujerar gabanka ko cikin ƙaramar jaka a ƙafarka inda idonka ke kai.

Risho, ƙaramar tukunyar gas, kalanzir, fetur, gawayin turaren wuta mai kamawa da kansa, duk babu. Masu rakiyar iyaye zuwa sansanin alhazai ku zazzage musu jaka da kanku, tsohuwa ba da mugun nufi take cusa abu ba, ita dai tana tunanin yadda zata dafa shayinta a Makka ne.

Sai maganar saƙo. Kana layin awon kaya wani ya matso da sallama da fara'a, "Alhaji dan Allah ɗan ƙullin nan zaka miƙa min wa ƙanina, yana jiranka a bakin fita". Kunya tana hana mu cewa a'a, amma kayan da baka ga cikinsa ba kada ka karɓa, ko na ɗan unguwarku ne sai an buɗe a gabanka.

Mataki na 2: sutura da takalmi

Wannan mutane na raina shi. Ka sa kaya na auduga, shadda ko yadi mai auduga, dogon hannu da dogon wando. Yadin roba da leshin roba da hijabin nailon in zafi ya taɓa su narkewa suke su manne a fata. Babbar riga a ninke ta a sa a jaka, in an sauka a saka, domin tsakanin kujeru matsattse ne kuma hannun kujera na kama ta. Hajiya ma gara hijabi madaidaici akan mai jan ƙasa wanda na baya zai taka. Takalmi sau ciki mai zama a ƙafa, ba silifas ba, ba mai tsini ba, kuma kada a cire shi sai jirgi ya daidaita a sama, a mayar kafin a fara sauka. Wanda ya fito daga jirgi ƙafa ba takalmi kan fasassun ƙarafa da mai da ƙasa mai zafi zai taka.

Fasfo, waya, katin banki da maganin da kake sha kullum, su zauna a aljihu ko ƙaramar jakar rataye a jiki. Zaka ga amfanin wannan a mataki na 6.

Mataki na 3: in an ce jirgi ya jinkirta, ka yi haƙuri

Lokacin hunturu hazo na rufe Kano da Kaduna, da damina kuma hadari, sai kaga an tara mutane awa huɗu awa biyar, ana ta zagin yarinyar da ke bakin kanta kamar ita ta haɗo hadarin. Haushin akwai dalili, wani lokacin ma kamfanonin basa faɗin gaskiya. Amma in dai yanayi ne ko gyara, wallahi jinkirin alheri ne. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin mummunan yanayi, iska mai juyawa kwatsam ta same shi yana ɗagawa, ya faɗi nan kusa da filin, mutum 96 suka rasu ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Na kamfanin Sosoliso a Fatakwal ranar 10 ga Disamba 2005 shima cikin ruwa da iska ya zo sauka, mutum 108 suka rasu, da yawansu ɗaliban sakandare ne masu komawa gida hutu.

Wanda yafi tsaya min a rai shine na alhazanmu a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgin ƙirar DC-8 ne na wani kamfanin Kanada da aka yi haya, zai kawo alhazai Sakkwato. An san wasu tayoyinsa basu da isasshiyar iska tun kafin ranar, amma saboda gudun ɓata lokaci aka ce a tafi haka. Yana gudu akan titi tayoyi suka fashe suka kama wuta, matuƙan basu san wuta na ci ba suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgin, wutar ta ci ta ciki, suka juyo zasu sauka basu kai ba. Mutum 261, babu wanda ya fita. Iskar taya fa. Duk sanda aka ce maka injiniya na duba wani abu a jira, ka nemi wuri ka zauna ka ci biskit ɗinka.

Mataki na 4: minti biyu na farko bayan ka zauna

Nan ne ainihin aikin, kuma bai fi minti biyu ba. Kana zama kafin ka ciro waya ka ɗauki hoton taga, ka ɗaga kai ka nemi ƙofar fita mafi kusa da kai, sannan ka waiga ka nemi ta biyu, domin sau da yawa wadda tafi kusa tana bayanka ne, mutane kuma a ruɗe ƙofar da suka shigo ta ita suke nufa ko da tana da nisa. Sai ka ƙirga layin kujeru tsakaninka da kowace ƙofa, misali biyar zuwa gaba, uku zuwa baya, ka riƙe a ka. Dalilin ƙirgar shine in hayaƙi ya cika jirgi baka ganin ko tafin hannunka, da lalube zaka bi kan kujeru kana ƙirgawa. Akwai ƙananan fitilu a ƙasa gefen hanya masu kai mutum ƙofa, ka dube su tun yanzu ka san kamanninsu.

Sai bel. Ka ɗaura, ka kwance, ka sake ɗaurawa, kamar sau biyu, har hannunka ya saba. Bel ɗin mota dannawa ake yi a gefe, na jirgi kuwa murfin ƙarfe ake ɗagawa a tsakiyar ciki, kuma an sha samun waɗanda a firgice suka dinga laluben maɓalli a gefen cinya suna ɓata daƙiƙu. A ɗaure shi ƙasa akan ƙugu, a tsuke, ba a saman tumbi sako-sako ba. In kana tare da tsoho ko wanda bai taɓa hawa ba, kada ka ɗaura masa ka yi shiru, ka kama hannunsa ka nuna masa, "Baba ga yadda ake buɗewa, ɗaga nan, to sake yi in gani". Bayanin da ma'aikata ke yi yawanci da Turanci ne cikin sauri, ka fassara masa.

Katin nan da ke aljihun kujera ka ciro ka duba ko da ka hau jirgi sau ɗari, ƙofofin Boeing 737 daban da na Embraer, daban da na manyan jiragen Saudiyya. In a layin ƙofar gaggawa aka zaunar da kai saboda wurin miƙe ƙafa, ka sani aiki ka karɓa, kai zaka buɗe, in ka san ba zaka iya ba ko kana da yaro a hannu ka ce a canza maka, ba abin kunya bane.

Masu iyali ku raba aiki tun yanzu da baki: Abban su Ummi ya ɗauki wannan, maman ta riƙe jariri, babban yaron ya riƙe rigar babansa. Jariri ba a goye shi a baya lokacin tashi da sauka, a cinya ake riƙe shi, in kamfanin na bada ƙaramin bel na jarirai a karɓa a haɗa da na uwar.

Mataki na 5: tashi, sama, da sauka

Mafi yawan haɗurra a ƴan mintunan farko bayan tashi da na ƙarshe kafin sauka suke faruwa. A wannan lokacin kada ka yi barci, cire abin kunne, kujera a miƙe, teburi a naɗe, murfin taga a buɗe domin a ga waje in akwai wuta a san ɓangaren da ba za a bi ba. Ka yi addu'ar tafiyarka ido biyu.

A sama kuma ko an kashe alamar bel ka bar naka a ɗaure ko da sako-sako. Gargadar iska bata sallama. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya faɗa irin ta ana cikin karin kumallo, waɗanda basu ɗaure ba suka bugu da rufin jirgi, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni.

In takunkumin oksijin ya faɗo daga sama, ja shi da ɗan ƙarfi domin jan ne ke kunna shi, ka rufe hanci da baki, naka tukuna kafin na ɗanka. Uwa zata ji wannan kamar rashin imani, amma a tsayin da manyan jirage ke tafiya mutum bai fi daƙiƙa 30 zuwa 60 ba hankalinsa ya fara gushewa, kuma baya ma sanin yana gushewa, in kin suma wa zai sa wa yaron?

In aka yi ihu a duƙa, ƙafafu a ƙasa a dafe, ka sunkuya ka jingina kai da kujerar gaba, hannaye su kare kai, in kujerar gaba na da nisa ka kifa ƙirji akan cinya ka riƙe ƙafafu. Ka zauna a haka har jirgin ya tsaya cak, domin bugun farko ba lallai shine na ƙarshe ba.

Mataki na 6: fita, kuma ka bar jakar

Kafin a amince da kowane babban jirgin fasinja sai an gwada cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofin kawai. Ba a banza aka zaɓi lokacin ba, bayan nan wuta da hayaƙi suna iya mamaye ciki. Kuma hayaƙin shi yafi kisa, kujeru da robobin jirgi in suna ci guba suke fitarwa, shaƙa kaɗan mutum ya zube. A Manchester a 1985 jirgi bai ma bar ƙasa ba injinsa ya kama wuta, mutum 55 suka rasu, mafi yawansu hayaƙi ne. Na Saudiyya a Riyad ranar 19 ga Agusta 1980 yafi ban tausayi, wuta ta tashi a ma'ajiyar kaya, matuƙin ya juyo ya sauka lafiya ƙalau, amma bai tsaya nan take an fitar da mutane ba, aka fi minti 20 kafin a iya buɗe ƙofa daga waje, mutum 301 duk sun riga sun rasu a ciki. Mu ma nan Kano ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai daga Jidda da aka karkato daga Legas ya karya ƙafa wajen sauka ya kama wuta, mutum 176 suka rasu.

Saboda haka jirgi na tsayawa, ma'aikata suka ce a fita, kwance bel ka miƙe. Wasu daskarewa suke a kujera suna kallon gaba kamar ba su ba, in na kusa da kai ya yi haka ka girgiza shi ka daka masa tsawa. In akwai hayaƙi ka sunkuya ƙasa-ƙasa ka rufe hanci da hula ko gefen mayafi, in da ruwa a jiƙa, amma kada ka yi rarrafe, tattake ka za a yi. Ka bi ƙirgarka. In ka iso ƙofa ka hango wuta ta taga, ba a buɗe wannan, a juya zuwa ta biyun da ka riga ka sani.

Jaka kuwa a bar ta. Na san a ciki akwai dala ko riyal na guzuri, akwai laftof, akwai takardun makaranta, shi yasa tun a mataki na 2 nace muhimman su zauna a jikinka. Mutum ɗaya ya tsaya buɗe ma'ajiyar sama ya tare hanya daƙiƙa biyar, a bayansa akwai mutum talatin, na ƙarshensu yana cikin hayaƙi. A Mosko a Mayun 2019 jirgin Aeroflot ya kama wuta wajen sauka, mutum 41 cikin 78 suka rasu, galibi na kujerun baya, duniya kuma ta ga bidiyon wasu na gaba suna fitowa da jakunkunansu. Ka haɗa da na Japan Airlines a Tokyo ranar 2 ga Janairu 2024, ya yi karo da wani ƙaramin jirgi akan titi ya kama wuta, ƙofofi uku kacal cikin takwas aka iya buɗewa, amma mutum 379 duk suka fita da ransu, ba a ga mai jan akwati ba, jirgin kuma ya ƙone ƙurmus. Su sun bi layi sun ji maganar ma'aikata. In aka yi irin turereniyar shiga mota a Kwangila ranar jajibirin sallah, ƙofar toshewa zata yi da mutane babu mai fita.

A bakin ƙofa akwai doguwar robar nan mai iska da ake sulalowa a kanta. Kada ka tsaya ka zauna a baki kana lallaɓawa, ka yi tsalle ka faɗa da mazaunai, ƙafafu a haɗe a gaba, hannaye a ƙirji. Mata a tattare zani da hijabi a riƙe. Jariri a rungume shi a ƙirji hannu ɗaya na tallafe da kansa.

In a ruwa aka sauka, rigar ceto na ƙarƙashin kujera, ka saka ka ɗaure amma kada ka ja igiyar hura ta sai kana bakin ƙofa. A 1996 jirgin Ethiopian Airlines da aka yi fashinsa, wanda Legas ma na cikin zangonsa, mai ya ƙare masa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 cikin 175 suka rasu, kuma da yawa sun hura rigunansu tun a ciki, da ruwa ya shigo sai ya ɗaga su ya manna da rufi suka kasa nutsawa su fita.

Mataki na 7: bayan ka taka ƙasa

Ka yi nisa, aƙalla mita 150, ta ɓangaren da iska ke fitowa domin hayaƙi ya bi ta can ba ta kanka ba, ka kula da motocin kashe gobara da ke tahowa da gudu. Kada ka koma ɗaukar komai. Ku taru wuri ɗaya a ƙirga ku, wanda ya sulale ya hau acaɓa ya tafi sai a ɗauka yana ciki, wani ma'aikaci ya shiga wuta nemansa. Ko kana jin garau ka yarda a duba ka a asibiti, illar hayaƙi a huhu takan bayyana bayan awanni.

In kuma kai ne a ƙasa jirgi ya faɗo unguwarku, wannan ma ya faru, na kamfanin EAS a Gwammaja cikin Kano ranar 4 ga Mayu 2002 ya hallaka sama da mutum 100 har da na cikin gidajensu, na kamfanin Dana a Iju-Ishaga a Legas ranar 3 ga Yuni 2012 ya kashe duk mutum 153 da ke ciki da wasu a ƙasa, kuma a Legas ɗin cincirindon ƴan kallo ya wahalar da motocin agaji kafin su iso. Ka kira 112, ka faɗi unguwa da wata alama da za a gane wurin. A taimaki wanda ya fito ko ake iya jawowa ba tare da shiga wuta ba, wanda ake zargin ya karye a wuya ko baya kada a ɗaga shi sai in wuta na tahowa. Banda sigari da ashana, man jirgi na kwance ko'ina. Matasa su buɗe hanya su tare masu shigowa kallo. Kada a ɗauki ko guntun ƙarfe, hukumar NSIB mai binciken haɗurra tana karanta yadda tarkace ya warwatsu ne ta gano abinda ya fara lalacewa, ƙaramin ƙarfen da yaro ya kai wa ɗan gwangwan yana iya zama shine amsar. Hoton gawa da jerin sunayen fasinjoji kuma kada a tura a WhatsApp, akwai uwar da bata riga ta ji ba. Dalilin hatsarin ma a jira masu bincike, bisa ƙa'idar duniya rahoton farko cikin kwana 30 ake sa ran fitarsa, cikakken kuma yakan ɗauki shekara ko fiye, kuma NSIB na saka su a shafinta na intanet kowa na iya saukewa ya karanta.